Ba A Amsa Sallama Da Ƙeya

Duk wanda ya taɓa kai kujerar motarsa gyara a layin makanikai na garin Madaba ya san Sayil ɗan Mifleh, wanda ake kira Abu Rakan, wato baban Rakan. Dogo ne, mai ɗan doro saboda yawan sunkuyo a kan keken ɗinki. Ɗinkinsa ba ya warwarewa, farashinsa ba ya tsauri, amma in ka zauna a shagonsa na ɗan lokaci sai ka ji kamar gaisuwar mutuwa ka je. Ba haka aka haife shi ba. Manyan layin sun san lokacin da yake dariya har da riƙe ciki, sun kuma san ranar da dariyar ta ƙare.

Ranar bikin ƙanensa Barjas ce. An ci mansaf, shinkafa da naman rago, an yi nak, maza sun cika rumfa, ana ta kiɗa da rawa. Sai mahaifinsu, Hajji Mifleh, tsohon soja mai murya kamar ta bijimin sa, ya zaro ƙaramar bindigarsa ya miƙa wa babban ɗansa don ya buɗe harbin sama, kamar yadda shi ma ubansa ya miƙa masa. Sayil ya ɗaga kai ya ga rufin gidaje cike da mata da yara. Ba a daɗe ba da ya ɗauki 'yar maƙwabcinsa a motarsa zuwa asibiti, harsashin wani biki ya faɗo mata a kafaɗa tana shanya, hannun nata ya shanye har yau. Sama dai ba ta yi wa kowa laifi ba, kuma abin da ka aika mata sai ta maido maka.

"Yaba," Sayil ya ce wa uban a hankali, "akwai yara a sama."

Hajji Mifleh ya dube shi daga kai har ƙafa, sannan ya juya ga baƙi.

"Jama'a, ku yi mini afuwa. Na ɗauka namiji na haifa, ashe tela na haifa. A ba shi allura, ita ba ta ƙara."

Aka fashe da dariya. Wani ɗan baffansu ya karɓi bindigar ya zazzage ta sama, mata suka rangaɗa guɗa.

Tsohon bai tsine masa ba, bai hana shi gida ba. Abin da ya yi ya fi wannan ciwo. A ƙasar nan uba kan kira ɗansa da sunan da ɗan ke kiransa, yaba, in zuciyarsa ta yi fari da shi. Tun daga ranar, wannan kalma ba ta ƙara fitowa daga bakin Hajji Mifleh zuwa ga Sayil ba. Duk Juma'a Sayil zai je cin abincin rana, ya yi sallama, ya sumbaci hannun uban, shi kuwa ya amsa ciki-ciki, fuskarsa na wajen talabijin. Kuma fa wannan mutumin ne ya sharara wa Sayil mari yana ɗan shekara tara, don ya amsa sallamar baƙo ba tare da ya juyo daga wasansa ba. "Ba a amsa sallama da ƙeya!" ya ce a lokacin. "Jaki ne ake yi wa magana yana nuna maka wutsiya." Marin ya shiga. Har ya girma, ko yaro ne ya yi masa sallama sai Sayil ya juyo gaba ɗaya, kafaɗa da ƙirji.

Shekaru suka tura. Yanar ido ta rufe wa Hajji Mifleh gani, har ba ya bambanta mutum da ginshiƙi, amma kunnensa na nan ras, harshensa ma haka. Sayil ya yi furfura a gemu yana jiran kalma ɗaya.

Wata rana wani saurayi mai suna Ƙusai ya kawo kujerar motarsa, ta yage a gefen dama kaɗai.

"Wannan ba zama ne ya ci ta ba," in ji Sayil yana shafa wurin. "Me kake ɗaurawa a ƙugu, gatari?"

Ƙusai ya yi dariya, ya kira shi Ammi, wato baffa. "Kuben bindiga ne, Ammi. Gasar harbi muke yi. Ba irin ta tsayuwa wuri ɗaya ba, gudu ake yi ana harbi, agogo na ƙirga maka. Ni ne ma alƙalin fili. Ka zo ka gani mana, kallo kyauta ne."

Sayil ya je ne don kunya, kada a ce an gayyace shi ya ƙi. Filin na can bayan gari, tsakanin tuddan ƙasa da aka tara da gangan. Ya ga mutane suna kutsawa tsakanin bangayen katako, su harbi kwali nan, su kayar da faifan ƙarfe can, su canza gidan harsashi suna tafe. Abin da ya kama zuciyarsa ba saurin ba ne. Duk harsashin da ya fita, a cikin tudun ƙasa yake kwana. Babu ko ɗaya da aka aika sama a bar wa Allah ya zaɓi kafaɗar da zai faɗa. Yana tsaye a bayan igiyar 'yan kallo wani tunani ya shige shi ya ƙi fita: da Yaba zai zauna a nan, ya ji da kunnensa, ya san cewa ba tsoron ƙarar bindiga ya hana ɗansa harbi a ranar nan ba.

Da ya tambayi kuɗin bindigar Ƙusai, sai da ya nemi wurin zama. Kuɗin ya sayi tsohuwar mota har da canjin taya.

"Ka bar ta tawa, Ammi," in ji Ƙusai. "Ba bindiga ke harbi ba, hannu ne. Fara da abin da aljihunka zai ɗauka."

Aljihun Sayil kuwa ba ya ɗaukar abin kirki. Neman takardar izini ya ci masa watanni da tafin takalmi. Bindigar ya saye ta hannun wani dattijo na ƙungiyar maharban da ciwon gwiwa ya zaunar, duk baƙin jikinta ya koɗe. Ɗamara da kube shi ya ɗinka abinsa da ragowar fatar kujera, sai da Ƙusai ya mayar masa da kuben sau biyu, wai bai rufe kunamar bindigar sosai ba. Abin toshe kunne wajen kafinta ya samo, tabarau wajen mai walda. Kwalayen firiji da masu shago ke zubarwa ya riƙa yankawa yana yin abin saiti. Duk wannan mai sauƙi ne. Harsashi shi ne azabar, don kwali ɗaya na cinye ɗinkin yini guda, ya ƙare kafin shayi ya huce. Sayil ya bar shan taba, abin da likita da matarsa suka yi shekaru suna roƙo bai yi ba.

Ƙusai ya koya masa dabarar talakan maharbi: harbi ba harsashi. Sai ka tabbatar bindiga wayam take, ka zaro, ka saita, ka ja kunama, ka mayar, ka sake, har hannu ya haddace. Kullum bayan la'asar Sayil zai hau ɗakin ajiya da ke saman gidansu, ya jingina kwalayensa, ya yi ta yi. Ba abin da ake ji sai ƙas, ƙas, ƙas.

Matarsa Fidda takan leƙo da kwandon wanki a ƙugu.

"Abu Rakan, yau firiji nawa ka kashe?"

"Bar ni, Ummu Rakan."

"A'a, tambaya nake, in san ko in ɗora tukunya. Allah ya jiƙan taba, ita aƙalla hayaƙi take yi."

Tana tsokanarsa, amma ita ce ta wanke gwangwanin halawa ta ba shi yana tara harsasan gasa, ɗaya bayan ɗaya, ta kuma hana yara hawa sama in yana can. Ta san abin da yake nema, ta kuma ji tsoron kada ya rasa.

Zance ba ya kwana a Madaba. Kafin wani lokaci layin makanikai ya raɗa masa Abu Ƙas. Barjas ya kai labari gida da gishirinsa. Ranar wata Juma'a, ana tsakiyar cin abinci, Hajji Mifleh ya ce, ba tare da ya juyo ba:

"Barjas, an ce wani a garin nan ya sayi bebiyar bindiga. Wai kullum yana lallashinta a saman gida, ta ƙi magana."

"Haka na ji, Yaba."

"To, Allah ya haɗa kowa da daidai shi."

Sayil ya ci gaba da cin abincinsa. Zuciyarsa ta yi baƙi ƙirin, amma a ƙasan baƙin akwai ɗan farin ciki na wauta, don tsohon ya san da zancen, har ya ɓata bakinsa a kai.

A fili, sau ɗaya a wata yake iya harbin gaske, shi ma da ɗan abin da bai cika tafin hannu ba. Ba shi da sauri, samari na wuce shi kamar yana tsaye, amma inda ya saita nan take zuwa. Akwai doka ɗaya da Ƙusai ke nanatawa har ta gundure kowa: bakin bindiga kullum yana kallon tudun ƙasa. In ya karkato ya wuce saitin kafaɗarka zuwa wajen mutane, ko da ƙiftawar ido ne, ko ka harba ko ba ka harba ba, ka fita daga gasar ranar gaba ɗaya.

"Ko kai ɗan waye," in ji Ƙusai. "Ko ubana ne."

Wannan doka ba ta taɓa damun Sayil ba. Ai saboda ita ya zo wurin. Har misali ake yi da shi ga sababbi, a ce ku dubi hannun Abu Rakan.

Da aka sa ranar gasar sababbin shiga, ya yi ta juya maganar a ransa har Juma'a ta zo. Ya sumbaci hannun uban, bai saki ba.

"Yaba, Asabar mai zuwa zan yi gasa. Da safe ne. Akwai kujeru, akwai inuwa. In Barjas ya kawo ka, za ka ji ta da kunnenka."

Hajji Mifleh ya zare hannunsa.

"Barjas, gahawar nan ta huce."

Amsar ke nan. Sayil ya tashi ya koma gida.

Ranar Asabar ya isa fili da gwangwanin halawarsa a leda. Masu manyan motoci sun zo da jakunkuna masu zif goma-goma da riguna masu rubutu, shi kuwa da rigar aikinsa da Fidda ta goge. Wani ya dubi kubensa ya ce, "Abu Rakan, wannan na wace mota ne?" Aka yi dariya, shi ma ya murmusa. Idonsa na kan hanya. Duk motar da ta shigo sai ya ɗaga kai. Aka fara kiran suna, mutum na farko ya yi, na biyu ya yi, kujerun bayan igiya suka cika da 'yan'uwan wasu. Da aka kira shi, ya duba karo na ƙarshe, ya ga babu kowa nasa. Ya ce a ransa, to, shi ke nan, a yi don Allah.

Ya tsaya a inda aka shata, yana fuskantar tudu, 'yan kallo na bayansa. Ƙusai ya matso kusa da kafaɗarsa da agogo a hannu.

"Loda, ka shirya."

Sayil ya zaro bindigar, ya zura gidan harsashi, ya ja ya saki. Saura ya mayar da ita kube ya jira ƙarar agogo.

"Assalamu alaikum, yaba!"

Muryar ta ratsa abin toshe kunnen kafinta kamar babu shi. Muryar da ta yi shekaru tana ba sojoji umarni ce, kuma kalmar da ke ƙarshenta ita ce wadda Sayil ya yi furfura yana jira. Bai yi shawara da kowa ba, ko da kansa. Jikinsa ne ya juya, kafaɗa da ƙirji, yadda aka koya masa da mari.

"Wa alaikumus salam, Yaba!"

Ga tsohon nan a bakin igiya, Barjas na riƙe da hannunsa, ya sha alkyabbarsa ta salla mai bakin zinariya da sabon jan rawani. Sayil ya gan shi sarai. Sai kuma ya ga mutane suna zubewa ƙasa, wata mata ta danne ɗanta, kujeru na kifewa. Ya dubi hannunsa. Bindigar na ciki, da harsashi a bakinta, tana kallon ƙirjin ubansa.

"Tsaya!" Ƙusai ya daka tsawa, ya cafke wuyan hannunsa ya mayar da shi wajen tudu. "Yatsa waje! Cire gidan harsashi. Fitar da na ciki. Nuna mini. Mayar kube."

Sayil ya yi duk abin da aka ce, kamar mai tafiya cikin barci. Harsashin da ya fitar ya faɗi cikin ƙura, ya sunkuya ya ɗauka, ya goge a rigarsa.

"Ammi," in ji Ƙusai, muryarsa ta dushe, "ka fita."

Nan fa manya suka taso, don ba a taɓa yin abu a ƙasar nan ba a samu masu shiga tsakani ba. Dattijon da ya sayar masa da bindigar ya ɗingiso ya kama gemun kansa.

"Ƙusai, don darajar gemun nan. Sallamar ubansa ya amsa, ba wani abu ba. Amsa sallama wajibi ne, ko kai ka fi malamai sani?"

"Yatsansa ma ba ya kan kunama, na gani da idona," in ji wani.

"Tsoho ya taso tun daga gari, ɗana. Kada ka kunyata mutum gaban mahaifinsa."

Ƙusai ya yi tsaye, idonsa ya kaɗa ya yi ja. "Wallahi, Ammi, da ranar tawa ce da na ba shi. Amma in na bar wannan, gobe me zan ce wa wanda ya juyo yatsansa na ciki?"

"Ku ƙyale yaron," in ji Sayil. "Gaskiyarsa ce."

Ya kwance ɗamarar, ya kai bindigar teburin da aka ware ya sa ta a jaka. Shi da ya ƙi harbin sama don kada ya sami ɗan wani, yau shi ne ya auna ubansa a gaban jama'a. Kunya da baƙin ciki suka taru suka lulluɓe shi, har ya ji da ƙasa za ta tsage da ya shige.

Hajji Mifleh bai ga komai ba. Ya ji hayaniya, ya ɗauka haka wasan yake. Barjas ya zaunar da shi a kujerar roba, ya dogara da sandarsa, ya karkata kunne. Aka kira na gaba, harbi ya tashi, faifan ƙarfe na ta ƙara.

"Wannan nasa ne?" tsohon ya tambaya, fuskarsa ta ɗan saki. "Kai, hannun nan da nauyi. Barjas, nasa ne?"

Kafin Barjas ya amsa, Sayil ya ƙaraso ya durƙusa, ya sumbaci hannun uban.

"Af, kai ne nan? To wa ke harbi?"

"Wani ne, Yaba."

"Kai fa? Ka yi naka?"

"An fitar da ni."

"Wa ya fitar da kai?"

"Alƙali."

"Yaron da na ji yana daka tsawa? Kai yake yi wa?" Fuskar ta koma yadda Sayil ya saba ganinta. "Me ka yi masa?"

Barjas ya buɗe baki zai yi bayani. Sayil ya ɗago ya dube shi, ya girgiza kai. Barjas kuwa, wanda shirun bai rage shi da komai ba, ya ja bakinsa ya tsuke.

"Doka na karya, Yaba."

"Harsashi nawa ka harba kafin nan?"

"Ko ɗaya."

Can wani ya sake buɗe wuta, aka yi tafi. Tsohon ya dafa sandarsa ya miƙe, ya tattara alkyabbarsa.

"Barjas, kai ni gida. Na sa kayan salla na zo sauraron bebiya."

Da yamma Fidda ta same shi a ɗakin sama, yana mayar da harsasai cikin gwangwanin halawa. Labari ya riga shi isowa gida, kamar kullum.

"Don me ba ka gaya masa ba?" ta ce, hawaye na zubo mata. "Wallahi in ba ka faɗa ba ni zan je in faɗa. Shi ya jawo, da wannan murya tasa kamar ana kiran sallah!"

"Ba za ki je ba."

"Saboda me?"

"In ce masa me, Ummu Rakan? In ce sallamarka ce ta kore ni? Tun bikin Barjas nake jiran ta. Sau ɗaya ya ba ni, sai in mayar masa in ce ta yi ɓarna?" Ya danna murfin gwangwanin. "Gara ya ce tela ne ni. Ya saba."

Ta zauna a kan kwalin firiji mai huda-huda.

Har yanzu Sayil na ɗinkin kujeru a layin makanikai, kuma har yanzu Abu Ƙas ake ce masa, sai dai ba a gabansa ba. Ƙusai ya zo shagon sau da yawa yana roƙonsa ya shiga gasar bazara, har da cewa zai sa mutum a ƙofa ya hana kowa yin magana. Sayil yakan ce in sha Allahu. Barjas ya riga ya faɗa masa cewa tsohon ya ce ƙafarsa ba ta son doguwar hanya yanzu. Wani lokaci bayan la'asar maƙwabta kan ji ƙas, ƙas daga saman gidan, wani lokaci a yi makonni ba a ji ba.

Ranar Juma'a yakan je cin abinci. Ya yi sallama daga bakin ƙofa, ya zo ya sunkuya ya sumbaci hannun. Hajji Mifleh ya amsa ciki-ciki, fuskarsa na wajen talabijin ɗin da ba ya gani.